Hantar Kawu a Cikin Ordinata

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, kasuwar Gaya ta wuni ba nama. Mahauta duka sun kife teburansu sun biyo gawa, har masu tsire na bakin tasha. Masu tuwo suka yi miya lami, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, suka ci suna gunaguni, da aka gaya musu wanda ya rasu sai suka wanke hannu su ma suka taho. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya ciyar da mutane ya tarye shi.

Kwana uku ana zaman makoki, tabarma ba ta huta ba. Dillalan shanu sun zo daga Karakara, manoma sun zo daga Bengu, mutanen Malanbil sun ƙetaro gulbi suna ta yi mana “fonda tilas”, ta’aziyya da harshensu. Wasu mata da ban taɓa gani ba suka riƙa turo mini samari masu gemu, kowace ta ce, “Wannan da hantar kawunka na yi jegonsa.” Haka yake yi. In ya ji an haihu a unguwa, ko bai san gidan ba, sai ya ware hanta mai kyau ya aika, ya ce jini ya zuba, a mayar.

Baba Sorko, masuncin nan abokin wasansa, da ya zo ko fatiha bai bari an shafa ba ya fara. “Matsoraci. Ya ga kifi ya fara cin kasuwa, ya gudu ya bar ni. Yanzu wa zan zaga?” Aka yi dariya. Sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, bai sake buɗewa ba har aka kira azahar.

Rana ta uku mahauta suka shiga cikin gida rukuni guda don su gaida mata, ni na yi musu jagora. Suka durƙusa a tsakar gida. Inna, mahaifiyata, ita ce ƙanwar Kawu kuma autarsu, ta amsa gaisuwar daga bakin ɗaki, sannan ta ce, “Abin da ya sanyaya mini rai ɗaya ne. Yaya ya tafi bai san abin da ke cikinsa ba. Mun ɓoye masa har ƙarshe, ya cika hankalinsa kwance.”

Mahauta suka haɗa baki, “Ƙwarai kuwa, Hajiya.” Babu wanda ya ɗaga kai a cikinsu. Ni ma yatsun ƙafata nake kallo.

Wannan “ƙwarai kuwa” ita ta sa na ɗauki alƙalami. Jikoki za su taso su ji cewa kakansu mahauci ne, shi ke nan, alhali mutumin ya wuce haka nesa.

Kawu ya yi fiye da shekara hamsin yana fawa, har idonsa ya daina bambanta mutum da abin yanka. In ka miƙa masa hannu za ku gaisa, sai ya zarce ya matsa damtsenka, ya zagaya ya taɓa bayanka daidai ƙugu, ya ce, “Ka rame,” ko kuwa, “Wannan kitsen ba na lafiya ba ne.” Ya taɓa yi wa wani babban ma’aikaci haka a wurin ɗaurin aure, mutumin ya tsaya ƙiƙam har aka gama duba shi. Maganarsa kuma guda ce a kan komai. A kawo masa ƙarar rikicin gona, ko a yabi wanda ya zo neman aure, ko a ce kankana ta nuna, sai ya ce, “A buɗe mu gani.”

Ni kuwa abin kunyar gidan ne. Ranar da ya fara kai ni mayanka, ana sa wa sa wuƙa na zube, sai da aka yayyafa mini ruwa. Daga nan aka haƙura aka bar ni da lakkwal, wato makarantar boko. Yau ina aikin taranzita a bakin iyaka, ina cika wa ’yan kasuwa takardun kaya a ordinata, wato kwamfuta. Har na yi furfura Kawu bai daina ce mini Mushe ba, kuma ba don girmamawa yake faɗa ba.

Abu biyu ne a gidanmu ba a tambaya. Na farko, duk Juma’a Inna takan dama fura ta aika masa, tun kafin a haife ni, ko suna faɗa, ko ba ta da lafiya. In ta makara sai ya dafe haƙarƙarinsa na dama ya aika a ce mata wurin ya motsa. Na biyu shi ne rigimarsa da ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, shi ma mahauci. Shekaru da yawa da suka wuce sun yanka wata saniya, hantarta ta fito da tabo-tabo. Kawu ya ce a kai rami, inda malamin dabbobi ke sa a zubar da naman da bai yarda da shi ba. Kawu Ƙarami ya ga hanta ƙatuwa, ransa ya ƙi. Ya faki ido ya yanke tabon, ya soke sauran a tsinke. Da Kawu ya gane, ya ɗauki faranti gaba ɗaya ya kife a kwata, kasuwa na kallo. Tun ranar teburinsu ya rabu, ɗaya a wannan bakin rumfa, ɗaya a wancan. Sai a jana’iza suke gaisawa, ita ma da baki kawai.

Ciwon ya fara ne da ƙin kitse. Mutumin da yake karyawa da tantaƙwashi ya koma kawar da kai in an buɗe tukunya. Riga ta fara yi masa yawa. Likitan nan garin ya duba, ya ce a kai shi Yamai a yi masa sikanar, wato hoton nan da ke ɗaukar cikin mutum filla-filla. Da yake ni ke jin Faransanci, ni aka haɗa shi da shi.

Da aka fito da shi daga cikin injin sai ya ce wa mai aikin, “Yarinya, wannan abu naku ƙugi kawai yake yi. Ban ji ya taɓa ni ba. Kun tabbata yana da kaifi?”

Washegari likita ya kira ni ni kaɗai. Ya buɗe hoton a ordinatarsa, ya nuna mini hantar, ya nuna wasu baƙaƙen tabo zagaye-zagaye a cikinta. Ya ja layi a kan babban, lamba ta fito ta faɗi faɗinsa. Ya ce abin ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba, sai maganin rage zafi da addu’a. Ya ce haƙƙin tsoho ne ya sani, in mun yarda shi zai gaya masa a hankali. Na ce ya dakata, na fita na kira Inna. Da na gaya mata sai ta ce, “Ka san halin Yaya. In ya ji, zai kwanta ya miƙe ƙafa tun yau. In ka bari ya sani, ban yafe maka ba.”

To, wa zai ja da wannan? Na koma na ce wa Kawu gyambon ciki ne. Ya dube ni ya ce, “Lokotoron ne ya faɗa, ko kai?” Na ce shi ne. Da za mu tafi suka ba mu takarda da faifan sede a cikin ambulan. Na miƙa hannu, Kawu ya riga ni. Ya ce cikinsa ne, shi zai riƙe kayansa.

Mun iso gida da kwana ɗaya ya aika a kira ni, in zo da ordinata. Na ce faifan na likitoci ne, ba ya buɗuwa a irin tawa. Ya ce, “A buɗe mu gani.” Na sa faifan ina roƙon Allah ya ƙi. Ina, ashe da manhajarsa yake tafe, abin da muke ce wa lojisiyel a wurin aiki. Ta buɗe kanta da kanta, ga cikin Kawu baƙi da fari a gabanmu.

Yadda abin yake, injin ya yanka mutum ne faifai-faifai daga ƙirji zuwa ƙugu. In ka murza ’yar tayar da ke bayan linzamin ordinata, sai faya-fayan su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, kana nutsawa cikin jiki. Kawu ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi.

“Wa ya yi wannan yanka?”

Na ce inji ne.

“Ko kilishi ba a yi masa siriri haka. Kuma ba jini ko ɗigo. Mushe, da irin wannan fawa aka yi a zamaninka, da kai ma ka zama mutum.”

Ya riƙa kiran sunan kowane abu kafin in kai: ga ƙashin baya, ga ƙoda biyu, ga saifa, ga hanji. Ni da na yi karatu ban gane ko ɗaya ba. Da na ga mun doshi hanta sai na danna wani maɓalli don in kauce, hoton ya koma na gaba, mutum a tsaye kamar an tsaga shi daga wuya zuwa mara. Nan rigima ta tashi.

“Wannan ba ni ba ne.”

“Kai ne mana, Kawu. Ga sunanka a sama.”

“Suna ai rubutawa ake yi. Hanta a hannun dama take. Shekara hamsin ina buɗe ciki, da wannan hannun nake ciro ta. Wannan tasa tana hagu. Ko dai hoton wani suka ba ni, ko kuwa sun juya mini kayan ciki ina kwance, shi ya sa tun da muka dawo nake jin wani iri. Gobe ka nemo mana mota, mu koma wurin lokotoron ya yi mini bayani da bakinsa.”

Gumi ya karyo mini. In ya shiga ofishin likitan nan, magana ta ƙare, ni kuma na shiga uku da Inna. Na yi bayanin cewa kamar mutum ne yana fuskantarka, damansa ita ce hagunka, ya ce kada in mayar da shi yaro. Can dabara ta faɗo mini. Na ce, “Kawu, in za ka buɗe rago, yaya yake a gabanka?”

“Wace irin tambaya ce wannan? A rataye yake da ƙafafun baya, kai ƙasa.”

Akwai wani maɓalli a manhajar mai juya hoto. Na danna sau biyu. Ƙirji ya koma ƙasa, ƙugu ya koma sama, hanta ta dawo dama.

“Yauwa,” in ji Kawu. “Yanzu an rataye ni daidai.”

Ya ƙura wa hoton ido. Ni kuwa daɗi ya cika ni, ina yaba wa kaina wayo, na hana tafiya Yamai da danna biyu. Da na tuna da tabon na yi maza na murza tayar, muka wuce. Ya ce madalla, ya ce a kawo shayi.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Washegari bayan la’asar na tarar da zaure cike. Kawu ya sanar a masallaci cewa duk mai son ganin cikinsa ya zo, kyauta ne. Haka muka buɗe silima a Gaya, fim ɗaya, ɗan wasa ɗaya, kullum kansa ƙasa.

Dole na nemi hanyar tsira, kuma na samu biyu. In mun zo faifan da tabon ke ciki, sai in fizgi tayar mu tsallake da gudu. Sannan na gano cewa in ka danne linzami ka ja, hasken hoton yana canzawa. Likitoci suna amfani da wannan don su ga abin da ya ɓuya, ni kuwa na mayar da shi na ɓoyewa. Sai in ja har hantar ta yi fari fat kamar alli, tabo ya nutse a ciki. In wani ya tambaya, in ce ai hanta mai lafiya haka take ƙyalli.

Baba Sorko ne ya fara zuwa, ya ce zuciya ya zo nema. Da yake hoton ciki ne, gindin zuciyar kawai ya kama. Ya tafa hannu ya ce, “Ban faɗa muku ba? Rabi ce da shi.” Kawu ya ce gara rabi da ta kifi, wadda sai an sa tabarau ake ganinta.

Iya, matar Kawu, ita tumbi ya dame ta. Ta ɗauka hoton yana nuna abin da ke faruwa a cikin ne yanzu-yanzu. Kullum sai ta leƙo ta ce in buɗe mata wurin, ta ga ko Alhaji ya ci tsire a kasuwa bayan an hana shi. Ta nuna wani duhu ta ce wannan ba kunun da ta ba shi ba ne. Na yi bayani har na gaji. Abin dariyar, shi ma Kawu bai tabbata ba. Kwana uku ya yi bai saci ko tsinke ɗaya ba, sai da ya ja ni gefe ya tambaya, na rantse masa hoton ba ya canzawa.

Akwai kuma haƙarƙari. Ɗaya daga cikin na dama ya taɓa karyewa ya ɗore da ƙulli, yana fitowa sarai. Ranar farko Kawu ya ce wani bijimi ne daga Karakara ya tunkuye shi. Ranar da direbobi suka zo, kamyo ce ta matse shi da bango. Da Baba Sorko ya kawo masunta, dorina ce. Na kai wa Inna labarin ina dariya, ta yi tsaki ta ce, “Dorina.” Ita dai ta ƙi zuwa kallon sam, ta ce ba za ta je ta ga tsiraicin cikin yayanta ba.

Layin awo ma bai tsira ba. Kawu ya sa na auna masa kaurin kitsen cikinsa, da ya ji lambar ya ji kunya, ya ce in ragon Layya ne wannan, mayar wa mai shi za a yi. Wani direba ya kawo faifan gwiwarsa daga Kwatano don a duba masa. Kawu ya sa na juya ƙafar sama, ya daɗe yana nazari, ya ce wannan sai dai farfesu.

Mahauta ne kawai kallon bai yi musu armashi ba. Sukan zo biyu-biyu, uku-uku, su zauna gaba. Ana juya hoton sai surutunsu ya ragu. Su yabi ƙoda, su ce saifa ta yi kyau, su tashi. Daga nan kullum sai an aiko da nama mai taushi, yau daga wannan tebur, gobe daga wancan, ga mutumin da cokali uku ke ƙosar da shi. Ni na ɗauka girmamawa ce kawai.

Ba na so a ɗauka wasa nake sha a lokacin. Wata biyu na yi ina wannan aiki. Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar ubana, wanda duk rayuwarsa “a buɗe mu gani” ce, ni ne na zauna kusa da shi ina rufewa. Ina ganin yana ƙarewa, ina tsoron ya tafi da sauran maganar da bai yi ba don ya ɗauka akwai lokaci. In na tuna Inna kuma sai in fasa gaya masa.

Wata safiya ya ce in je in kira masa Kawu Ƙarami. Na ɗauka ban ji daidai ba.

“Ka ce masa akwai hantar da nake so ya duba mini.”

Kawu Ƙarami ya zo da rigar aiki, ya tsaya a bakin zaure kamar wanda aka kawo ƙara. Ya ce, “Yaya, ina kwana.” Kawu ya nuna masa tabarma, ya sa aka turo ƙofa. Mu uku ne kawai. Na buɗe hoton, na juya shi, na fara jan haske yadda na saba.

“Mushe,” in ji Kawu, “rage wannan fitilar taka. Kuma yau yatsanka ya yi tafiyar tsofaffi.”

Na mayar da hasken yadda likita ya nuna mini, na murza a hankali. Tabon suka fito ɗaya bayan ɗaya, babban a tsakiya, ƙananan kewaye da shi.

“Tsaya nan.” Ya juya wurin ƙanensa. “To, malam mahauci. An buɗe, ka gani. In ka samu wannan a teburinka, me za ka yi da ita?”

Kawu Ƙarami ya daɗe yana kallo. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

“Rami, Yaya.”

“Ba za ka yanke tabon ka soke sauran ba?”

“Rami.”

“Alhamdu lillahi. Ka iya fawa.”

Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo wuƙarsa, wadda ko Iya ba ta isa ta yanka albasa da ita ba, ya ɗora masa a cinya. Ya ce daga gobe a haɗa teburan nan biyu, ya gaji da ganin rumfa da giɓi a tsakiya. Ya ce matan da suka haihu kuma kada a yanke musu hantar jego. Kawu Ƙarami, dattijo mai jikoki, ya kife kai a gwiwar yayansa yana kuka, Kawu na shafa bayansa. Ko a nan hali bai bar shi ba, sai da ya ce masa ya rame.

Da ya fita na ce, “Kawu, tun yaushe?”

“Tun ranar da ka juya ni. Kana tsaye da ni ban gane komai ba, duk abin a birkice yake. Kai da hannunka ka rataye ni yadda na iya karatu. Hanta mai kyau sumul take, ko a baƙi da fari.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“Uwarka ta sha wahala ta ɓoye. In ɓata mata aiki? Kai ma kada in ji.”

Na tambaye shi mahautan fa. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce duk wanda ya taɓa riƙe wuƙa a garin nan ya gani, tun kafin in kai ga fitilata. Ya ce a duk zauren ni kaɗai ne ban san ana gani ba.

Na ji kunya kamar in nutse, na kuma ji an sauke mini dutse daga ƙirji, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Da na gama na ce to, a daina silimar. Ya ce ina, a ci gaba, kuma in ci gaba da ƙara haske yadda na saba. Ya ce jama’a suna jin daɗin kallon yadda nake gumi.

Haka na koma mai riƙon asiri biyu, ina ɓoye wa Kawu a gaban Inna, ina ɓoye wa Inna a gaban Kawu. Mun ƙara sati biyar. A ciki ya zaga gidajen da yake son zagawa a bayan kabu-kabu, babur ɗin haya, ya ce iska yake sha. Sai ƙafa ta ƙi, aka rufe silima. Ya cika wata Talata da hantsi, Kawu Ƙarami na riƙe da kansa.

Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, Inna ta kira ni ɗakinta da azahar. Ta ce in zo da abin nan. Na ce wane abu. Ta ce kada in raina mata hankali.

Na buɗe. Manhajar ta kawo hoton, hannuna ya danna juyi da kansa don sabo. Ta gyara zama, ta ce in kai ta wurin haƙarƙari. Da ƙullin ya fito ta ɗora yatsa a kai.

“Dorina,” ta ce. “Taɓarya ce. Ina ’yar shekara tara ya shanye mini fura, na ɗaga na maka masa. Ya ce wa Babanmu faɗuwa ya yi, don kada a dake ni. Amma ya ce sai na biya shi da fura har ƙarshen rayuwa.” Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi. Ba ta juyo ba ta ce, “Tun yaushe ya sani?”

Na fara kame-kame. Ta ce ta janye rantsuwarta, in faɗa. Na faɗa mata duka, har da juyin, har da mahauta. Na ce ita kuma yaya aka yi ta gane ya sani.

“Ya zo nan a kabu-kabu, ya zauna inda kake zaune. Ya ce, Auta, haƙarƙarin nan na yafe, ki huta da damun fura. Mutumin da ya yi shekara sittin yana karɓar fura a kan ƙashi ɗaya, rana tsaka ya ce ya yafe? Ni ma ’yar mahauta ce.”

“To, Inna, maganar da kika yi gaban mutane fa?”

“Ya daure yana ta yi mini wasan gyambon ciki don raina ya kwanta. Kwanansa uku a ƙasa, in tashi in nuna aikin banza ya yi?”

Tana kallon hoton, ƙugu a sama, ƙirji a ƙasa, yadda duk Gaya ta san shi. Can ta ce, “Abin da ka danna ɗin nan, yana komawa?”

Na ce yana komawa.

“To, mahauta sun gama nasu kallon. Tayar mini da Yaya tsaye.”

Na danna sau biyu, kansa ya koma sama. Ta jawo ordinatar gabanta, ta ce in je abina, za ta kira ni in ta gama.